Direba sai da lasisi, mai gina bene kuwa ko oho

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na fi shekara 15 ina aikin gwamnati, fayilolin 'yan kwangila ba irin wanda bai bi ta teburina ba. Me muke nema a ciki? Rajistar CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardar PENCOM, ta ITF, ta NSITF. Duk suna da amfani, amma ba wadda ke nuna mutum ya san bambancin rodi mai milimita 12 da mai 16.

Za ku ce ai ana haɗawa da takardar injiniya mai rajistar COREN ko magini mai rajistar CORBON. Haka ne. To amma wallahi na taɓa ganin takardar injiniya ɗaya a fayilolin kamfanoni uku masu takarar aiki ɗaya. Hayarta suka yi. Ranar zuba kankare ba za ka ga ƙeyarsa ba, sai birkila da leburori, da maigida yana waya a rage siminti.

Wannan fa a aikin gwamnati ke nan, inda ake ɗan dubawa. A ginin 'yan kasuwa, duk mai kuɗi da fili ɗan kwangilar kansa ne.

Mun ga sakamakon. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas, sama da mutum 40 suka mutu, alhali tun 2020 injiniyoyin da suka fara aikin suka rubuta cewa sun janye hannunsu. Ranar 12 ga Yuli 2024 ginin makaranta ya danne yara a Jos ana tsakiyar karatu, aka rasa rai 22.

Ni a ganina lasisin gini ya zama kamar na tuƙi: na mutum ne, ba na aro ba. A rubuta sunan mai shi da lambarsa a allo a bakin aiki. Shi zai sa hannu kafin a zuba tushe, shi zai sa hannu kafin a zuba kowane hawa. In gini ya faɗi a ƙwace lasisin, a hana shi dawowa da sabon sunan kamfani.

Na san wani zai ce wata sabuwar ƙofar cin hanci za a buɗe, kuma ƙananan magina za a kora. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, mu ma'aikata muna da namu laifin. Shi ya sa nake cewa a yi shi hawa-hawa: mai gina ɗaki biyu a ƙasa a ƙyale shi, amma bene, makaranta, asibiti da kasuwa sai mai lasisi. Jerin sunayen kuma a sa a intanet kowa ya duba da wayarsa.

Kafin nan, in za ka ba da gini, tambayi wanda zai tsaya a kansa, ka ga takardarsa, ka ga fuskarsa a wurin aiki. 'Ya'yanka ne za su kwana a ƙarƙashin rufin nan.

Allah ya kiyaye mu.