Kabi Ce Kafin Ta Zama Kebbi

Abin takaici ne ka ji ɗan boko yana zance da Hausa tsantsa, amma da ya iso sunan gari sai ya karkace harshe ya ce "Sokoto" da "Kebbi", har ya yi wa manomin albasar Aliero dariya don ya ce Sakkwato da Kabi. To, wa ya yi kuskure?

Kabi ita ce daular da Kanta ya kafa, mai hedikwata a Surame, kuma har gobe Sarkin Kabi yana zaune a Argungu. Daga sunan ne aka samu Kabawa. "Kebbi" rubutun Turawa ne, wanda jihar ta gada da aka cire ta daga Sakkwato a 1991.

Wasu za su ce Daidaitacciyar Hausa ce ma'auni. An gina ta bisa Kananci domin rubutu da koyarwa, ba domin sauya wa mutane sunan mahaifarsu ba. Idan mutumin Jega ko Maiyama ya ce "hwadama" a inda Bakano zai ce "fadama", karin harshensa ne, ba gurguwar Hausa ba.

Taswira ba ta nuna karin sauti, kuma takan zubar da ƙugiya: Maraɗi ta koma "Maradi". Wanda ya ga Kashin Zama a takarda kaɗai, yaya zai furta shi?

Indiya ta mayar da Bombay Mumbai a 1995. Namu bai kai haka wuya ba: mai gabatar da labarai ya tambayi 'yan gari kafin ya buɗe baki.