Garin Kulorin Ba Gishiri Ba Ne, 'Yan Tireda Mu Yi Hattara

Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja kunnen 'yan'uwana 'yan tireda da 'yan garuwa, musamman na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da ƙauyukan da ke zagaye da mu, a kan wani farin gari da ya shigo hannunmu muna ƙullawa a leda kamar gishiri.

Ni manomi ne, ina kuma taɓa 'yar tireda. Daminar da ta wuce wani mai kawo min kaya ya zo min da wannan gari a cikin bokitin roba, babu takarda babu rubutu. Ya ce wai maganin rijiya ne, masu rijiyar burtsatse da mata masu wankau suna nemansa. Na ga akwai riba, na karɓa. Na ajiye shi a ƙasa cikin sito, gefe guda buhun takin yuriya, gefe guda galan ɗin baƙin mai na injin ban-ruwa. Wata rana da dare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwano ya yi yoyo a daidai kan bokitin, ga shi murfin bai rufu sosai ba. Da safe yarona ɗan shekara 14 ne ya fara buɗe ƙofa. Wallahi kafin in ƙaraso ya durƙushe yana tari, ido na zubar da ruwa, numfashi na sarƙewa. A asibiti muka wuni, sai da aka sa masa iskar oksijin. Da na koma na taɓa bokitin, zafi rau kamar an sauke daga murhu.

Wani dattijo maƙwabcina da ya yi aikin gidan ruwa har ya yi ritaya, shi ya zaunar da ni. Ya ce, "Malam, ka gode wa Allah. Wannan garin kulorin ne, irin na manyan matatun ruwa. Da ya haɗu da baƙin man nan, gobara ce. Da ya cakuɗu da takin nan, yana iya fashewa." Tun daga ranar na daina sayar da shi, na kuma shiga tambayar masu sani. Abin da na koya shi nake so in isar, don Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Da farko dai, kada wani ya ce ina zagin kulorin. Da shi ake kashe ƙwayoyin cuta a matatun ruwa irin su Tamburawa da Challawa da Watari. Ba mu manta da amai da gudawa na shekarar 2021 ba, wanda ya kashe sama da mutum 3,000 a Nijeriya, kuma Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ruwa mai kulorin daidai gwargwado yana cikin abin da ke tare wannan annoba. To amma maganar tana wajen gwargwadon. Ruwan bilicin da mata ke saye a kwalba, ƙarfinsa bai fi kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba. Shi kuwa wannan gari kashi 65 zuwa 70 ne. Abin da ake so ya rage a ruwan sha bai wuce rabin miligiram a lita guda ba. Duro mai lita 200 ko rabin ƙaramin cokalin shayi ba ya bukata. Amma sai ka ga mutum ya cika hannu ya watsa a rijiya, wai don ruwa ya fi tsabta. Ina dalili?

Wanda yake ganin wasa ne, ya tuna abin da ya faru a Jos a watan Yuli na 2015. Tukunyar iskar kulorin ce ta fashe a matatar ruwa ta Lamingo, mutum 8 suka rasu, aka kwashi kimanin 100 zuwa asibiti. A watan Yuni na 2022 kuma, a tashar jiragen ruwa ta Aƙaba a ƙasar Jodan, tankin kulorin ya suɓuce daga ƙugiya ya fashe, mutum 13 suka mutu. Wannan fa a hannun ma'aikata ke nan. To ina ga mu da ko safar hannu ba mu da ita? Iskar da ta kashe su, ita ce dai garin nan ke fitarwa in ya jiƙe ko ya haɗu da asid.

Mu nan Kano ma mun ɗanɗana kuɗar farin garin da ba a san asalinsa ba. A watan Maris na 2021 jama'a suka sha lemon da aka haɗa da wani abu da aka sayar da sunan ɗan tsami, ashe sinadarin masana'antu ne. Ɗaruruwa suka kwanta asibiti, wasu suna fitsarin jini, an kuma yi asarar rayuka. Wa ya kai shi cikin unguwa? Mu ne ƙananan 'yan kasuwa, cikin rashin sani. Kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Duk garin da ba shi da suna da takardar bayani a jikinsa, kada ka karɓa komai arharsa. Wanda aikinsa ya tilasta masa riƙe kulorin, kamar mai gidan wanka ko mai tankin sayar da ruwa, ya bar shi a mazubinsa na asali, a rufe ruf, a inuwa, inda babu laima kuma iska na shiga. Ya nesanta shi da fetur, kananzir, baƙin mai, man birki, taki, sukari da kayan abinci. Kada a zuba shi a gwangwani, yana cin ƙarfe. In za a kaɗa, a fili za a yi, da safar hannu da tabarau da takunkumi, kuma garin ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin gari ba. Iyaye mata, don Allah kada a gauraya bilici da ruwan wankin masai mai asid ko ruwan batir a banɗaki, nan take yake tayar da guba.

In ruwa ya yi laka, a fara tace shi ko a sa alam ya kwanta, don kulorin ba ya aiki sosai a gurɓataccen ruwa. Na sha a gida kuwa, gara a tafasa, ko a sayi 'yan ƙwayoyin tsabtace ruwa da ake sayarwa a kemis, a bi yadda aka rubuta, a jira minti 30 kafin a sha. Rijiya kuma a kira malaman tsabta su auna da kansu.

Sai maganar duro da jarka. Muna sayen tsofaffin shuɗayen durorin kamfani mu zuba ruwan sha, ko zoɓo, ko hatsi, ba mu san me suka ɗauko ba. Duron da ba ka san tarihinsa ba, kada abin da za a kai baki ya shige shi. 'Yan gwangwan su ma ina jan kunnensu, kada a sa guduma ko wuta a tsohuwar tukunyar gas don kawai ana ganin babu komai ciki.

In tsautsayi ya faɗa, a sani iskar kulorin ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan ninki biyu da rabi. Ƙasa take bi, ta kwanta a rami da kwata da ɗaki, shi ya sa take fara kama yara. A nufi inda iska ke tasowa, a hau tudu. A cire tufafin da ya taɓa. In ido ne ko fata, a yi ta kwarara ruwa har minti 15. Wanda ya haɗiya, kada a ɗura masa manja, kada a sa shi amai, don abin da ya ƙone maƙogwaro wajen shiga zai sake ƙonewa wajen fita. A garzaya asibiti da mazubin a hannu. Mu da Allah ya sa Asibitin Malam Aminu Kano ke bakin ƙofarmu, ba mu da hujjar zama a gida ana jiƙe-jiƙe.

Daga ƙarshe ina kira ga hukumar NAFDAC da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da Ƙaramar Hukumar Tarauni, da su sa ido a kan masu sayar da sinadarai tsirara, a kuma riƙa faɗakarwa a rediyo da harshen da talaka ke ji. Masu unguwanni da limamai da shugabannin kasuwa su ma su sa baki. Ribar ƙullin leda ba ta kai ran yaro guda ba, ni na gani da idona. Allah ya kiyaye mu, amin.

Naka,
Manomi kuma ɗan tireda,
Gyaɗi-Gyaɗi, Ƙaramar Hukumar Tarauni, Kano.