Mai Duba Funfuna Daban, Mai Gyara Daban

A jihar New York ta Amurka, tun daga Janairun 2016 doka ta hana mutum ɗaya ya duba funfunar gini sannan ya karɓi kwangilar cire ta a gida guda. Mai dubawa da lasisinsa, mai gyara da nasa. Na farko ya zagaya gidan, ya gano ta inda ruwa ke shiga, ya rubuta tsarin aiki. Na biyu ya bi tsarin. In ya gama, mai dubawa ya dawo ya tabbatar kafin a ce aiki ya yi. Dokar ta zo ne 'yan shekaru bayan guguwar Sandy ta 2012, wadda ta bar dubban gidaje a jiƙe. Wannan rabon aiki nake so mu ara, ko da majalisa ba ta ce uffan ba.

Mu a nan, da zarar damina ta yi nisa bango ya fara baƙi, mai fenti ake kira. Zai shafa hannu a bangon, ya ce a kankare a buga fenti mai mai, magana ta ƙare. Ba na zarginsa da ha'inci. Fenti ya sani, fenti zai faɗa, kamar yadda birkila zai ce a sake filasta, kafinta ya ce kwano ne. Kowa ƙarshen bincikensa aljihunsa yake nufa, ko bai yi niyya ba.

Ku ja kabad ɗin da ke jingine da bango a watan Agusta ku leƙa bayansa. Ɗigo-ɗigon baƙi sun hau har tsawon gwiwa, fenti ya kumbura yana ɓarewa, takalmin fatar da aka ajiye tun Sallah ya yi kore, darduma tana warin danshi. Wannan ɗakin ne yara ke kwana a ciki, taga a rufe saboda sauro.

Funfuna ba ta rayuwa sai da danshi, kuma danshin nan ba hanya ɗaya yake bi ba. Akwai wanda ke tasowa daga ƙasa domin an yi rowar leda lokacin zuba difisi. Akwai yoyon rufi da ke taruwa a saman silin, akwai bututun banɗaki da ya tsage a cikin bango, akwai kwatar maƙwabci da ke kwance a gindin katanga. Kowanne da maganinsa, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Har farin garin nan da ke fitowa a jikin bulo, sau da yawa gishiri ne da ruwa ya turo waje, ba funfuna ba. Wanda bai bambance waɗannan ba, a kan me zai yanka maka farashi? Fenti kuwa rufe funfunar kawai yake yi. Kafin wata damina, ta sake fitowa.

Masu cewa ai ƙazantar bango ce kawai, su tuna da Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu daga Rochdale ta Ingila da ya rasu a Disambar 2020. A 2022 binciken kotu ya tabbatar cewa daɗewa yana shaƙar funfunar gidan hayarsu ne ya yi ajalinsa, alhali iyayensa sun sha kai kuka. Yanzu akwai doka da sunansa, wadda tun Oktoban 2025 ta wajabta wa masu gidajen hayar jama'a bincika irin wannan ƙorafi cikin ranakun aiki 10. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta zama a gida mai danshi da asma da cututtukan numfashi. Ina tunanin mutanen Maiduguri da suka koma gidajensu bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024. Masana na cewa kayan da suka jiƙe, in ba su bushe cikin awa 24 zuwa 48 ba, funfuna na iya kama su. Can kuwa ruwa kwanaki ya yi a ɗakuna.

Za a ce talaka ina ya ga kuɗin mai dubawa bayan na mai gyara. Gaskiya ne, akwai nauyi. Amma kuɗin fenti duk shekara da na maganin tarin yara ma daga aljihu ɗaya suke fita. Kuma muna da waɗanda aikin ya dace da su: duba-gari, jami'an tsaftar muhalli da ke kowace ƙaramar hukuma, waɗanda ba sa sayar da fenti ko siminti. A horar da su, a ba su na'urar auna danshin bango, a sa musu kuɗin dubawa daidai ƙarfin jama'a. Su riƙa ba da takarda mai faɗin tushen ruwan, abin da za a cire a zubar kamar silin da katifar da suka ruɓe, da abin da wankewa ya isa. Ɗan haya ya riƙe kwafi ya kai wa mai gida, mai gida ya miƙa wa ɗan kwangila, cikon kuɗi kuma sai duba-gari ya dawo ya auna bangon ya sa hannu.