“Rashin Tabbas”: Bargon da Ake Lulluɓe Sakaci da Shi

Akwai wani furuci da ya mamaye labaran Hausa a rediyo da jaridu da shafukan intanet, har ya zama gishirin kowace miya: “rashin tabbas”. Darajar naira na cikin rashin tabbas, wutar lantarki haka, damina ma haka. Ƙanensa shi ne “hawa da sauka”. Furucin ba shi da aibi a kan kansa. Aibin yana wurin masu jibga shi a kan kowane lamari, domin duk inda suka shimfiɗa shi sai tambaya ɗaya ta ɓace: wane ne ya jawo?

Hausa ba ta taɓa talaucin kalmomi a wannan fage ba. Abin da yake tangal-tangal tushensa ya raunana, faɗuwa yake jira. Abin da yake lilo yana tafiya ya dawo inda ya taso. Abin da yake zuwa jefi-jefi yana zuwa, sai dai ba a san ranarsa ba. Kwan-gaba-kwan-baya halin mai yanke shawara ne ya warware ta da hannunsa. Ba-zata ita ce wadda ta auku babu alama. Ƙila-wa-ƙala magana ce da ba a gina komai a kanta. Gaibu kuwa saninsa sai Allah. Kowace daga cikinsu tana ɗauke da hukunci: wata tana kiran magini, wata tana kiran haƙuri, wata addu'a, wata kuma tana nuna mai laifi da yatsa. Wanda ya tattara su duka ya zuba a buhun “rashin tabbas” ya zubar da hukuncin tare da kalmomin.

A dubi naira. A 2015 ana canjin dala ɗaya a kan kusan naira 197 a farashin gwamnati. Kafin Yunin 2023 ta kai wajen 460. Da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa linzami a wannan watan sai ta haura 700, zuwa Fabrairun 2024 kuma ta wuce 1,400. Mai kiran wannan “hawa da sauka” ya yi wa mai sauraro ƙarya cikin ladabi, domin furucin yana ba shi fatan cewa abin da ya tafi zai dawo. Sunan abin faɗuwa. Ɗan farfaɗowar da ta yi a Afrilun 2024 kafin ta sake komawa, shi ne ya cancanci a kira lilo, shi ma a gindin rijiya aka yi shi. Malamin makarantar da albashinsa ya narke yana da haƙƙin ya ji sunan abin da ya same shi.

A dubi sauya fasalin kuɗi. A Oktoban 2022 Babban Banki, a ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairun 2023 ranar daina karɓar tsofaffi. Aka ɗage zuwa 10 ga Fabrairu. Shugaba Buhari ya ce tsohuwar naira 200 kaɗai ta ci gaba. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 3 ga Maris cewa dukansu su ci gaba har ƙarshen shekara, daga baya ma aka ɗauke wa'adin gaba ɗaya. A tsakanin nan mutane sun kwana a layin banki, kasuwannin ƙauye sun tsaya cik. Babu gaibu a cikin wannan labari ko ƙwaya ɗaya. Kowane mataki akwai ofishin da ya fito, akwai hannun da ya sa masa hannu. Kwan-gaba-kwan-baya ke nan, kuma kyawun kalmar shi ne ba ta yiwuwa sai da mai yin ta.

A dubi madatsar ruwan Alau, wadda ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya cinye unguwannin Maiduguri. Saurin cewa “ba-zata” ko “iftila'i” yana mantar da mutane cewa ambaliya daga wannan madatsa ta taɓa shiga garin a 1994. Yawan ruwan sama ba ya hannun kowa. Lafiyar bango kuwa abu ne da injiniya yake aunawa. Gini yakan yi tangal-tangal kafin ya rushe, kuma tangal-tangal abu ne da ido yake gani.

Haka lantarki. A Afrilun 2024 aka ƙara wa masu rukunin A kuɗin wuta zuwa naira 225 kowace yunit, bisa sharaɗin za su samu aƙalla sa'o'i 20 a rana. Da zarar an ɗora lamba a kan alkawari, maganar rashin tabbas ta ƙare. Duk ranar da wutar ta gaza haka, sunanta saɓa alkawari.

Masu aikin fassara a ɗakunan labarai suna da uzuri: lokaci ya ƙure, labarin ya zo da Turanci, kuma ɗan jarida ba alƙali ba ne, gara ya zaɓi kalmar da ba ta ɗauki ɓangare ba. Uzurin farko abin tausayawa ne, na ƙarshen kuwa ba ya tsayuwa. Kalmar da ta ɓoye mai aikata abu ta riga ta ɗauki ɓangarensa. Adalci shi ne a faɗi abin da ya auku da sunan da ya dace da shi, ko da sunan yana da kaifi. “Rashin tabbas” yana da gurbinsa na gaskiya: ranar da ruwan farko zai sauka a Katsina, ko farashin gangar ɗanyen mai a kasuwar duniya baɗi. A can babu wanda za a tuhuma.

Abin da ake hasara ya wuce kwalliyar harshe. Mutum yana tarbar lamari ne da irin sunan da aka ba shi. In an ce masa gaibu ne, sai ya ɗaga hannu sama. In an ce lilo ne, sai ya zauna jira. In an ce sakaci ne ko kwan-gaba-kwan-baya, sai ya nemi ba'asi. Al'ummar da aka saba wa jin kowace cuta a matsayin “rashin tabbas” za ta yi ta haƙuri a inda ya kamata ta yi tambaya, masu mulki kuwa babu abin da suka fi so kamar haka.

Saboda haka nauyin yana kan edita da mai fassara, da malami da lauya, da duk wanda Hausa take fita daga alƙalaminsa zuwa ga jama'a. Kafin ya rubuta “rashin tabbas”, ya tsaya ya tambayi kansa: abin nan ba a san shi ba ne, ko dai ba a so a faɗe shi?