Ku Bar Yaro Ya Gyara Jitarsa

Kwanakin baya wani maƙwabcina a unguwar Minguettes da ke Vénissieux, kudu da birnin Liyon, ya kawo mini ƙarar ɗansa, wai ya sayo wata tsohuwar jitar lantarki a gwanjo, ya wargaza ta a tsakar ɗaki, har uwarsa na cewa maroƙi za su haifa a Faransa. Na ce masa Alhaji, in dai wannan ne laifin, to ka gode wa Allah.

Dalilina kuwa shi ne, wanda duk ya daɗe a unguwar nan ya san abin da zaman kashe wando ya taɓa jawowa. A nan aka yi ta ƙone motoci a 1981, kuma matasan nan ne suka assasa tattakin neman daidaito na 1983, wanda ya tashi daga Marsai ya ƙare a Paris. To yaron da ya zaɓi sukudireba da samfefa a kan tsayuwar gindin bene, ina abin faɗa?

Jama'a, aikin nan ba wasa ba ne. Sai ya kwance tsirkiyoyi da wuyan jitar, ya goge tsohon fenti da samfefa mai kaushi sannan mai laushi, ya fesa sabo sama-sama sau uku ko huɗu, yana jiran kowane ya bushe. In ya yi gaggawa fentin ya zubo kamar hawaye, sai a koma farko. Sannan ga wayoyi: maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya sai an liƙa wayarsu da dalma, kuma in jitar na gurnani, galibi waya ɗaya ce ta saki. Wato a lokaci guda ya taɓa kafinta, ya taɓa fenti, ya taɓa aikin lantarki, ba tare da an biya masa kuɗin koyo ba.

Kuma ai ba a kansa farau ba. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, alhali gidansu ba sa so, daga baya ya zagaya Amurka da Turai da ita wannan sana'a. Shi ma Eddie Van Halen da fentin keke ya yi wa tasa ado.

Ban ce kowa zai zama su ba, ni kaina kiɗan bai dame ni ba. Amma kada a hana, kada kuma a sayo masa sabuwa don a huta. Sharaɗi biyu kawai na ba Alhaji ya gindaya: kada a fesa fenti a cikin ɗaki, domin tururinsa na cutar da huhu, kuma bayan ƙarfe goma na dare a kashe lasifika saboda maƙwabta.