Lamba Kaɗai Ba Ta Isa Sakamakon Gwajin Hanta Ba

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a watan Mayun 2024, takardun asibiti suka yawaita a aljihunan mutanen ƙauyukanmu. Dokar ta ce a duba sikila da ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, kuma ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Sai dai wanda aka samu da ƙwayar cutar hanta akan tura shi gwaji na biyu don a ga halin da hantar take ciki, kuma a nan maganata take. Gwajin jini shi ne sana'ata. A yankinmu na Ɗambatta da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, kowa ya san gidan kowa, duk wanda ya karɓo takardar da bai gane ba ƙofar gidana yake nufa bayan Magariba.

Abin da na fi gani a takardun nan shi ne haruffa uku, ALT, sai lamba a gabansu da biro. Ba ma'auni, ba iyakar da ake ce wa lafiya, ba sunan hanyar da aka bi. A wurina takarda irin wannan ba ta cika sakamako ba.

ALT wani enzayim ne, wato sinadarin da ke gaggauta aiki a cikin ƙwayoyin hanta. Idan hanta ta ji rauni sai ya tsiyayo cikin jini. Ba nauyinsa muke aunawa ba, saurin aikinsa muke aunawa. Wanda zai sayi injin niƙa ba ya tambayar kilo nawa ƙarfen yake, tambayarsa ita ce tiya nawa yake niƙawa a awa. Idan mai sayarwa ya ce masa "ashirin" ya yi shiru, bai faɗa masa komai ba: tiya ce ko mudu, a awa ne ko a wuni, gero ne ko masara?

Masana sun daɗe da gane haka. A 1961 kwamitin enzayim na ƙungiyar masana sinadaran jiki ta duniya ya tsayar da ma'aunin da ake rubutawa da harafin U: yawan enzayim ɗin da ke sarrafa maikiromol ɗaya na abin da yake aiki a kansa cikin minti ɗaya, a yanayin da aka ƙayyade. Shi ya sa cikakkiyar takarda take ɗauke da U/L, wato U kaza a kowace lita. A 1999 babban taron ma'aunai na duniya da ake yi a Faransa ya amince da wani ma'aunin, katal, wanda ke nufin mol ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Maikirokatal ɗaya daidai yake da U 60, don haka wanda aka rubuta wa 40 a Kano, a Suwidin kusan 0.67 za a rubuta masa, jini ɗaya, hanta ɗaya. Ni ba na kiran mu koma katal. U/L ya ishe mu. Damuwata tana kan kalmomin nan na ƙarshen ma'anar: a yanayin da aka ƙayyade.

Hanyoyi biyu ne ke aiki kafaɗa da kafaɗa a ƙasar nan. Akwai tsohuwar hanyar Reitman da Frankel ta 1957, wadda ake duba canjin launi. Tana da arha, ba ta buƙatar babbar na'ura, shi ya sa ƙananan ɗakunan gwaji suke riƙe da ita, kuma ba na ganin laifinsu. Takardar da ke zuwa cikin kwalin sinadarinta takan nuna iyakar lafiya a wajen 12. Akwai kuma hanyar zamani da manyan asibitoci ke bi, wadda na'ura ke bibiyar saurin aikin a zafin digiri 37, iyakarta kuwa tana wajen 40. Dukansu U/L suke rubutawa, amma lambobinsu ba sa zama a sahu ɗaya.

Wani dattijo ya taɓa zuwa mini da takardun ɗansa biyu, hannunsa na rawa. Ta farko daga wani ƙaramin ɗakin gwaji, an rubuta 27. Ta biyu daga birni bayan wasu watanni, an rubuta 34. "Ɗana, ciwon ya ƙaru ke nan?" in ji shi. Har ya sayar da tunkiya ya sayo jarkar maganin gargajiya. Na ce, "Baba, ku kwantar da hankalinku tukuna, mu ji da wace hanya aka yi kowanne." Da muka bincika, ta farkon tsohuwar hanya ce, ashe 27 ɗin ta ninka iyaka fiye da sau biyu, ita ce ma abin tsoro, amma ba wanda ya tanka a lokacin. Ta biyun tana cikin iyakar na'urar da ta yi ta. Wata guda gidan suka yi ba barci a kan lambar da ba ita ce matsala ba.

Haɗarin ya wuce tashin hankali. A ƙa'idojin ciwon hanta nau'in B da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2024, iyakar ALT ita ce 30 ga namiji, 19 ga mace, kuma tana cikin abubuwan da likita ke dubawa kafin ya ɗora mutum a kan magani irin tenofovir. To ma'aikacin lafiya a karkara ya ga 25 tsirara a takardar magidanci, ya gwada ta da 30, ya ce masa je ka lafiyarka ƙalau. Idan da tsohuwar hanya aka yi gwajin, an sallami mutumin da hantarsa ke ƙonewa a hankali. Kuma mu ne masu cin gyaɗa da masarar da wani lokaci fumfuna ke kamawa a rumbu, gubar fumfunar nan kuwa idan ta haɗu da ƙwayar cutar B tana ƙara haɗarin kansar hanta sosai.

Ga kuma zafi. Enzayim yana ƙara sauri idan ɗumi ya ƙaru, shi ya sa dole ruwan da muke ɗumama kwalaben gwaji a cikinsa ya tsaya cak a 37. A watan Afrilu ɗakin da kansa yakan haura haka, wuta ta ɗauke, sinadaran da ya kamata su kwana a firji su wuni a zafi. Jinin da aka ɗauko a babur daga ƙauye, rana ta dake shi, gargada ta girgiza shi, jajayen ƙwayoyinsa kan fashe su ɗaga lambar AST, ɗan'uwan ALT, ba tare da hanta ta yi komai ba. Irin wannan jini maido shi ya kamata a yi a sake ɗiba, ko da mai shi zai ji haushin dawowa.

Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi. Ma'aikatar Lafiya ta jihar Kano da hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu su wajabta cewa duk takardar gwajin enzayim ta fito da ma'auninta, da iyakar lafiya ta wannan ɗakin gwajin, da sunan hanyar da aka bi. Hatimin roba guda ya isa ya ɗauke wannan duka. 'Yan'uwana ma'aikata kuma, mu daina kwafo iyaka daga littafin makaranta alhali kwalin da ke gabanmu wata iyakar ya faɗa.

Kai kuma mai karɓar takarda, kafin ka fita ka tambaya: "Malam, a nan wurin nawa ne iyakar lafiya?" Ka sa a rubuta maka a gefen lambar. Idan likita ya ce a maimaita gwajin bayan wata uku ko shida, ka koma inda aka yi na farko, kuma ka tafi da tsohuwar takardar.