Masu zanen taswirar gini da kwamfuta: daga ina albashinsu yake fitowa?

A cikin shekaru ashirin da suka wuce, teburin zane da rula da alƙalamin tawada sun kusa ɓacewa daga birorin injiniyoyi na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Taswirar gida, ta aji, ta gidan likita ko ta hanya, duka da kwamfuta ake zana su yanzu, ta amfani da manhajoji irin su AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar a shekarar 1982, da ArchiCAD, da kuma Covadis wadda masu awon filaye suka fi sabawa da ita. Wanda ke wannan aiki shi ake kira desinater. Matasa da yawa suna ganinsa a matsayin gajeriyar hanyar samun abinci: horon ƴan watanni a wata cibiya mai zaman kanta, takardar shaida, sai neman aiki. Kafin uba ya sayar da ragunansa domin biyan kuɗin horon, yana da kyau a san yadda kasuwar take.

Aikin yana bin kwangila

A Nijar, manyan gine-gine galibi na gwamnati ne ko na masu ba da tallafi, don haka aikin mai zane yana cika yana janyewa kamar ruwan gulbi. Bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su jiha jiha sun nuna haka: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. Kowane biki ya zo da hanyoyi da gidaje da dandali, birorin suka ɗauki matasa, biki ya wuce aka sallami da yawa daga cikinsu. Haka aka gani a Yamai gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019, lokacin da aka sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani aka kuma gina sabbin otal-otal.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta katse wutar lantarki, masu ba da tallafi irin su Tarayyar Turai da Faransa suka dakatar da kuɗinsu, kamfanin ƙasar Sin da ke gina madatsar ruwa ta Kandaji kuma ya tsayar da aiki a watan Agusta. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024. A irin wannan hali, wanda ba shi da yarjejeniya a rubuce shi ne na farko da ake ce wa ya zauna gida sai an neme shi. Ambaliyar damanar 2024, wadda ta rusa dubban gidaje har da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, da rage farashin siminti da gwamnati ta yi a watan Oktoba na wannan shekara, sun ƙara buƙatar gini. To amma yawancin wannan gini na talakawa ne, kuma mai gida yakan kira magini ne kai tsaye, a shata ɗakuna a ƙasa da igiya.

Yadda ake biya

Akwai mai albashin wata, akwai wanda ake ɗauka har kwangila ta ƙare, akwai kuma wanda ake biya bisa kowace taswira. Na ƙarshen nan ya fi shan wuya. An yi ciniki a kan zane guda, sai mai gida ya ce a ƙara ɗaki, uwargida ta ce a juya madafa, ɗan'uwa daga Kwatano ya ce a yi bene; a sake zanen sau huɗu, kuɗin kuwa na sau ɗaya ne. Ga kuma masu sunan koyon aiki, waɗanda sukan shekara suna zana taswirar da ake sayarwa, ana ba su kuɗin mai kawai.

Dalilin ƙarancin ladan ba ɓoyayye ba ne. Abin da ake saye da tsada shi ne sa hannu da hatimi. Arshitek ko injiniya ne ke ɗaukar alhaki in gini ya tsage, shi ya sa babban kaso ke zuwa wurinsa. Mai zane kuwa, in abin da ya iya bai wuce jan layi ba, akwai goma a bakin ƙofa da za su karɓi ƙasa da nasa.

Duk da haka doka ba ta bar shi a banza ba. Kundin dokokin ƙwadago na 25 ga Satumban 2012 ya ƙayyade aikin mako a awa 40, abin da ya haura nan kuwa ana biyansa daban. Wannan ya shafi dararen da ake kwana a biro domin a kai takardun neman kwangila kafin a rufe. Albashi mafi ƙanƙanta ya tashi daga sefa 30.047 zuwa jika 42 tun watan Janairun 2024. Wajibi ne kuma mai kamfani ya yi wa ma'aikaci rajista a asusun CNSS: ana cire kashi 5,25 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, kamfani ya zuba kashi 16,40. Daga nan ake samun kuɗin iyali, da diyyar haɗarin aiki, da fansho. A ganinmu, albashi matsakaici mai rajista ya fi babban albashin da ake miƙawa hannu da hannu, musamman ga mai zanen da ake aikawa hawa bene da ba a gama ba. Wanda aka tauye wa haƙƙi yana iya kai kuka wurin sufeton ƙwadago na jiharsa.

Kayan aiki ma wani nauyi ne. Tun 2016 Autodesk ya daina sayar da AutoCAD sau ɗaya, sai dai haya, kuma hayar shekara ta haura sefa miliyan ɗaya, wato fiye da albashin shekara biyu na mai karɓar jika 42. Wannan ne ya sa kwafin sata ya yawaita, da ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke tafe da shi, masu iya cinye aikin wata guda a dare ɗaya. Akwai manhajoji na kyauta kamar LibreCAD, FreeCAD da QGIS, sai dai manyan birori ba su cika neman su ba, in ban da QGIS wajen taswirar ƙasa. A bazara kuma, lokacin da wuta ke yawan ɗaukewa, mai aikin kansa shi ke sayen batir ko man janareta.

Abin da ya kamata a sa gaba

Ilimin da ke ɗaga darajar mai zane yana wajen kwamfuta. Na farko shi ne lissafin kayan aiki: ya dubi taswira ya faɗi buhun siminti nawa, rodi nawa, bulo nawa. Ɗan kwangila da ya taɓa yin asara saboda kuskuren lissafi ba ya sakin wanda ya iya wannan. Sai awon fili da na'ura, wanda ake buƙata a duk inda ma'aikatar magajin gari ke yanka filaye, da sa ido a wurin gini. Manhajar Revit, wadda ke haɗa zane da lissafi wuri guda, tana da amfani ga mai neman aiki da manyan kamfanoni, amma wanda bai san yadda ake ɗaure rodi ba, ba za ta koya masa ba.

Domin haka ilimi mai zurfi ya fi horon gaggawa. Akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, da makarantar EMIG a Yamai. Mai burin zama arshitek kuma yana iya neman shiga makarantar EAMAU ta birnin Lome. Wanda ya riga ya shiga aiki yana iya tambayar asusun FAFPA game da horon ƙarin sani, ya kuma yi rajista a hukumar ANPE. Duk inda ya yi aiki, ko na wata uku ne, ya nemi takardar shaidar aiki kafin ya tafi, domin idan biro zai nemi kwangila, takardun ma'aikatansa da yawan shekarun aikinsu suna cikin abin da ake dubawa.